Yadda Idrisu Birkila Ya Fasa Daɓensa

Idrisu Birkila, haifaffen unguwar Magajin Gari, mutum ne da ya yi imani da siminti. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin gini a Kaduna da Abuja, inda ya ga filayen shaƙatawa masu daɓe sumul. Ya dawo Birnin Gwari da furfura da kuma burin unguwarsu ta mallaki irin nasu. Hatta kaskon da kajin matarsa Bushira suke shan ruwa, da siminti ya ƙera shi.

Ba son ƙawa kaɗai ya zaburar da shi ba. Taubashinsa Ɗalha, wanda 'yan bindiga suka raba da gonarsa a Kakangi, ya tare a gidansa, kuma tun zuwansa bai ƙetare zaure ba. Mutumin da a da ake jiyo dariyarsa daga bakin daji ya koma shiru. Idrisu ya rantse sai ya fito da shi cikin mutane.

Mai unguwa ya ba shi wani fili a gindin tsamiya, daura da gidansa. Idrisu ya daɓe shi kaf, ya gina kujeru, ya shafe su da koren fenti, sannan ya saka babbar riga ya tsaya jiran jama'a. Dattawa suka zo, suka ce "Masha Allah", suka zarce can gefe, suka baje a turɓaya suna wasan dara. Awaki ne kawai suka amsa gayyata.

"Malam," in ji Bushira, tana danne dariya, "a ina za su tona gurbi? A daɓen naka, da farce?"

Idrisu ya dafe kai. Shi da ya girma yana dara a ƙasa! Ko rigar bai tuɓe ba, ya sungumi diga, ya hau daɓen da sara, yana ƙyalƙyala dariya kamar wanda aka yi wa albishir.

Ƙarar ta jawo Ɗalha bakin zaure. Da Idrisu ya hango shi ta wutsiyar ido, sai ya tsuguna ya shiga tona gurabe a karkace da gangan, wani ƙarami, wani kamar akushi.

"Kai, bawana!" Ɗalha ya daka masa tsawa. "Wannan gurbi ne ko rijiya?"

"Wa ya tambaye ka, baƙon Kakangi? Koma ɗaki!"

"In koma ka kunyata zuriyarmu? Matsa can!"

Ɗalha ya tako har gindin tsamiyar, ya share ɓarnar, ya jera gurabe reras, ya karyo tsinkaye. Suka fara dara, ya yi ta cinye Idrisu, yana dariyar da ta kori awakin, ta kuma taso dattawan nan daga turɓayarsu. Idrisu, ƙura har gira, ya miƙe yana taka rawa da diga a kafaɗa.

Filin yana nan, rabi daɓe, rabi ƙasa. Kullum bayan la'asar Ɗalha ne yake fara isa. Korayen kujerun kuwa, a kansu ake ajiye takalma.