Sunan da Aka Yanke a Taron Yabo

Ɗiyata Ikhlas ta dawo daga makaranta da wata kalmar Turanci, tana neman ma'anarta. Ƙamus ya ce jawabin yabo ne da ake tsarawa a karanta gaban taro, galibi bayan mutum ya rasu. Ni kuwa sai ƙamshin gyaɗar kakata ya dawo mini.

A gidanmu na Umdurman, tsallaken kogi daga Khartum, bayan magariba, Habboba, uwar mahaifina, takan soya gyaɗar da za ta kai kasuwa, mu jikoki mu kewaye murhun gawayi. Mai son tatsuniya sai ya taya ɓarar gyaɗa. Rago ba ya jin ƙarshen labari.

"Ku matso, ga ta nan ta iso," in ji ta. Wai Jaki ne ke ɗebo wa gari ruwa daga kogi, amma ranar biki sai a ɗaure shi bayan danga, don kukansa na ɓata taro. Da ya mutu, dabbobi suka hallara, Dila ya miƙe ya yabi gudunsa da gezarsa da haniniyarsa, har aka yi ta sharar hawaye. Uwar Jaki ta ce wannan ai doki ne, amma ba wanda ya waiwayo.

"Daga nan fa, Habboba?"

"Daga nan aka ci abinci, ya bitti, 'yar nan tawa. Ɓare gyaɗarki."

Haushi ya kama ni, don na ɗauka ta manta ƙarshen ne.

Mahaifina, Ustaz Usman Ɗanjuma, ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyarwa a wata makaranta a Khartum. A bayan idonsa abokan aiki Fallati suke ce masa, sunan rainin da ake kiran irinmu masu asalin Hausa da shi, ƙarin girma kuma ya yi ta wuce shi. An sha ba shi shawara ya gyara sunan ubansa ya yi kama da na Larabawa. Ya ƙi har ya mutu.

Bayan arba'in makarantar ta shirya masa ta'abin, taron yabon mamaci, da rumfa da lasifika. Shugaban makarantar, wanda ya danne shi, shi ne ya yi jawabi, da Larabci mai daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya kira shi Ustaz Usman Juma'a, ɗan babban gidan Larabawa daga arewacin Khartum. Maza suka yi ta jinjina kai. Habboba, wadda idonta ya mutu amma kunnenta garau, ta ja gefen mayafina.

"Allah ya jiƙan wannan bawan," ta ce da Hausa. "Nawa fa, yaushe za a zo kansa?"

Har yau ban yafe wa wannan taro ba. Sun raina shi da rai, da ya mutu kuma ba su iya yabonsa ba sai da suka sauya masa uba.

Ikhlas na jiran amsa. Na ba ta labarin Jaki, amma da Larabci, don Hausarta ba ta kai ba.