Ranar da Na Kai Kawu Kallon Teku

Shekarun baya masu nisa, ina saurayi mai ji da kansa a unguwar Jarwal ta Makka, Allah ya kawo mana baƙon da mahaifiyata ta daɗe da fid da ran ganinsa. Yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, daga Yawuri. Tun tana amarya ta baro gida da mahaifina, suna tafe suna yada zango don neman guzuri, ta ƙasar Cadi da Sudan, har suka iso Makka aka haife ni. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ita kuma ta kama tuyar waina a bakin hanya. Ba ta sake sa ɗan uwanta ko ɗaya a ido ba, sai ranar da wani dogon tsoho ya tsaya a gaban tandarta ya ƙura mata ido, ya ce, "Auta, ashe ke ta." Wainar ranar duk ta ƙone.

Ni a lokacin sana'ata rakiyar alhazai. In Hajji ya zo ina Mina ƙarƙashin wani mutawwif, wato jagoran alhazai, ina ɗaukar kaya ina yin tafinta, in an sauko kuma in zaga da baƙi wuraren ziyara. Gani nake babu wanda ya kai ni sanin gari. Kawu kuwa dariya nake ba shi. Ya ce Hausata kamar kunun da aka cika wa ruwa take, sai an lalubo da ludayi. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "ɗan Makka".

Da aka gama aikin Hajji abokan tafiyarsa suka fara ɗaure kaya, shi ma ya fito da tsohuwar jakarsa ta fata ya zauna a tsakar gida yana ɗinke ta. Tun daga ranar mahaifiyata ta rage cin abinci. So take ya zauna, amma a tarbiyyarsu ƙanwa ba ta buɗe baki ta ce wa yayanta ya bar iyalinsa saboda ita. Sai ta ja ni bayan ɗaki, ta fara da Larabcin da take kirana da shi.

"Ta'al, ya waladi. Ka ga kawunka na ɗinkin jaka ko? Ka tahi da shi ya ga gari. Ka nuna mishi abin da zai kama ranshi, ko Allah ya sa shi zauna. Amma kak ka ce ni na aike ka."

Na bugi ƙirji na ce ta bar komai a hannuna. Na kai shi Dutsen Nur, na kai shi maƙabartar Mu'alla, na zaga da shi kasuwannin da ke kewaye da Harami. Duk inda muka je sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a, wani wurin har da hawaye, sannan ya shafa ya ce, "Masha Allah. To mu tahi gida, rana ta yi." Da mun dawo ya ɗauki jakarsa da basilla.

A nan ne dabara ta zo mini, na ce Jidda zan kai shi. Ku fahimce ni, mu 'ya'yan Makka ruwa a garwa muka san shi, mai ruwa ya kawo a kafaɗa a yi ta tattalinsa. Ranar da na fara ganin teku sai da na wuni a bakinsa ina kallo. Don haka na tabbata duk wanda ya gan shi ba zai ƙara marmarin wata ƙasa ba.

Muka hau lori da sassafe, muka tsaya a Bahra muka sha shayi a wata rumfar gahawa, kafin azahar muna Jidda. Lokacin ana cikin rushe ganuwar garin, ko'ina tarin duwatsu. Na shiga da shi tsohon gari ina nuna masa dogayen gidajen nan masu hawa kan hawa, da tagoginsu na katako da aka yi wa sassaƙa kamar saƙar hula. Ina ta zuba bayani, shi kuwa ya ɗaga kai har rawaninsa na neman faɗuwa.

"Su waɗanga," in ji shi, "in akuyarsu ta haihu, bisa suka hawa da ita?"

Na saya masa ruwan ƙanƙara, ya kurɓa ya dafe haƙori ya miƙo mini abina. Na kai shi maƙabartar da ake cewa nan Nana Hauwa'u take, ya yi addu'a ya shafa. Duk wannan ban damu ba, don babban makamin yana gaba. Muka bi wani lungu, muka ɓullo, sai ga teku shimfiɗe har iyakar gani. Na tsaya na buɗe hannuwa kamar ni na haƙa shi.

"Kawu, ga bahar."

Ya dubi ruwan, ya dube ni, ya sake duban ruwan.

"Ɗan Makka, ni ta sama kaz zaci na hwaɗo? Wanga ruwa ai shi munka ƙetaro daga Sawakin ta Sudan, cikin jirgin da ko kaji ba ni zubawa. Abin da ni ci tun Sudan duk na bar mishi."

Wallahi sai a lokacin abin ya faɗo mini. Duk alhajin da na taɓa ɗaukar wa kaya ta cikin tekun nan ya zo. Ga shi kuma Kawu masunci ne, a bakin kogin Kwara aka yanke masa cibiya. Na ɗauko mutum tun daga Makka na kawo shi kallon ruwa, kamar mai kai wa Bafulatana tallar nono. Ya ɗebi kaɗan a tafin hannu ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce ruwan da ba ya shayar da ɗan akuya yawansa na banza ne.

Sai na ce mu nemi mota mu koma. Amma Kawu ya riga ya ɗaga hanci yana shinshina iska. Ƙarnin kifi ya jiyo. Daga nan shi ya shige gaba ni ina binsa, har kasuwar kifi. Ya yi ta ɗaga wannan yana juya wancan, yana tambayar sunayensu, yana dariyar wani ja mai manyan idanu. Can gefe wani tsoho mutumin Yaman yana gyaran ragarsa da ta yage. Kawu ya tsuguna ya kama ɗaya bakin ragar ba tare da ya nemi izini ba, tsohon ya matsa masa wuri. Babu mai jin harshen wani, amma suka yi ta aiki suna gyaɗa wa juna kai har la'asar ta yi.

Da za mu tashi tsohon ya ce in gaya wa Kawu jirginsa na neman hannu, in yana so. Na fassara, har na ɗan ƙara gishiri, na ce da ɗakin kwana da abinci. Na ce Jidda da Makka ai kamar ɗaki da zaure ne. Da muka yi salla muka zauna a kan wani kifaffen kwalekwale, sai Kawu ya dube ni.

"Bari in hwaɗa maka gaskiya, ɗan Makka. Ni ba zama ya kawo ni ba. Bayan Hajji, uwarka na zo ɗauka. Innarmu har ta cika tana cewa a maido mata Auta, ɗakin Autar na nan ban bari kowa ya shiga ba. Amma da wane baki zan ce wa mutum ya baro Ɗakin Allah ya biyo ni? Kai za ka lallashe ta. Kak ka ce ni na aike ka."

Haka na hau lori da saƙo biyu a ciki, kowanne na taka ɗan uwansa. Ashe ɗinkin jakar da ya ƙi ƙarewa jira yake ta yi magana, ita kuma tana jiran duwatsun Makka su yi mata magana. Washegari bayan magariba muna cin tuwo na ga ba zan iya ba. Na ajiye loma na ce, "Umma ta ce in sa ka zauna. Kawu ya ce in sa ki tafi. Kowa ya ce kada in faɗa. To na faɗa."

Mahaifiyata ta ja mayafi ta rufe fuska. Kawu ya ce, "Kai, wanga yaro ba shi da ciki." Sai dariya ta ƙwace musu su biyun, suka yi ta yi har ta juye ta zama kuka. Da suka natsu ta ce mijinta a nan yake kwance, ɗanta kuma bai san wata ƙasa ba. Shi ma ya ce yana da ƙanana da ke kallon hanya.

Da gari ya waye Kawu ya rataye jakar a ƙusa. Ya ce ragar tsohon nan ba ta ƙare ba, kuma ba girman masunci ba ne ya bar aiki rabi. Abokan tafiyarsa suka wuce suka bar shi, shi kuma ya koma Jidda wurin tsohon. Duk Alhamis sai ga shi a lori da ƙunshin busasshen kifi, ya yi Juma'a a Harami, ya ci wainar ƙanwarsa yana kushe ta, su yi ta hirar mutanen da ni ban sani ba. Ragar nan ba ta ƙare ba sai da wani Hajjin ya zagayo.

Ranar tafiyarsa mahaifiyata ta ce da ita za a yi rakiya har Jidda. Ta tsaya a bakin ruwa, 'yar siririya da ita, iska na kaɗa mayafinta. Na zaci za ta yi kuka, sai ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Yaya, in ka isa ka ce musu ka iske ni lahiya. Ka ce har ƙiba na yi."

Ya ce, "Zan hwaɗa, Auta. Allah shi gahwarta mini."

Ba su sake ganin juna ba. Na ci gaba da zagawa da baƙi har ƙafafuna suka gaji, amma daga kan Kawu na koyi fara tambayar baƙo wa ya baro a gida kafin in nuna masa gini. Har yau in na je Jidda na ga yara na murnar ganin teku, ina taya su. Ni dai in na tsaya a wurin, kewar tsofaffin nan biyu ce ke cika mini ciki, waɗanda kunya ta hana su roƙon juna, ƙauna kuma ta ba su shekara guda.