Tukunyar Gwaggo Tasalla da Shafin Ranar Lahadi

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma. Ranar Laraba, 12 ga Nuwamba, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gwaggo Tasalla ta garin Dayi a asibiti a Malumfashi, tana da shekara saba'in da huɗu. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara shida. Ni na yi jinyarta wata huɗun ƙarshe.

Gwaggo, duk wanda ya shigo gaisuwa sai ya ambaci tukunyarki. Kin ce wurin kakanmu maharbi kika koyi wannan dahuwa, tun ana samun ɓauna a daji, naman da ƙaramar wuta ba ta iya masa, babba kuma ta ƙona shi. Da ɓauna ta ƙare sai kika koma wa naman tsohon san huɗa, wuya da ƙwauri da jela, wanda mata ke ƙi saboda tauri. Da asuba za ki zuba shi a tukunyar ƙasa da daddawa, citta, masoro, albasa, gishiri da ɗan kanwa, ki liƙe murfin da ƙullu, ki binne ta a cikin ɓuntun shinkafa mai cin wuta a hankali. Sau ɗaya kike buɗewa, da azahar, ki zuba jar shinkafar fadamarki. Kafin la'asar naman ya saki ƙashi da kansa.

Ba ki taɓa sayar da ko ludayi ɗaya ba. Masu girbin gayya sun ci, masu jego na unguwa sun ci. Shekarar da na yi ɓari na dawo gida na ƙi abinci, ba ki yi mini wa'azi ba. Kin ajiye kwanon a gabana kika zauna kina tsintar wake, kamar ba ki san da ni ba, har na miƙa hannu.

Da hawan jini ya taɓa miki ƙoda, likita ya hana ki gishiri da kanwa da jan nama. Ɗanki, Yaya Abdulmutallib, da zai koma aikinsa a Funtua, ya ce, "Sa'adiya, amanar Inna na bar miki. Abin da likita ya ce, shi ke nan." Na ware littafi guda. Kullum ina rubuta awon jini safe da yamma, da magani, da abin da kika ci. Wata huɗu kina cin lami, ba ki yi ƙorafi ba sai da ido.

Ranar Asabar ta ƙarshe a rayuwarki aka kawo sabuwar shinkafa daga fadama. Kika damƙi tafi guda kika shinshina, kika daɗe.

"Ke 'yar boko, rufe littafin nan," kika ce. "Ko ɗan kurkuku ana sa masa gishiri. So kike in je lahira in tarar da ubanki da bakin lami?"

Na ce likita ya hana.

"Likitan ya taɓa cin tukunyata?"

Ranar Lahadi na dafa. Na bi yadda kike yi, sai dai na raba gishirin biyu, kanwa kuwa ban sa ba. Kin ci cokali bakwai, na ƙirga. Kika lumshe ido kika ce, "Kin yi rowar gishiri, marowaciya. Amma naman ya yi. Allah Ya yi miki albarka." Rabon da in ga fuskarki haka tun kafin damina.

Da yamma na ɗauko littafin, a gurbin abincin rana na rubuta "kunu".

Ranar Litinin ƙafafunki suka kumbura. Ranar Talata numfashi ya yi wuya, muka kai ki asibiti. Likita ya duba littafin ya tambaye ni ko kin ci wani abu da ba a saba ba. Yaya ya iso daga Funtua, yana tsaye a gefena. Na ce a'a. Kina jina, Gwaggo. Kin dube ni, ba ki tona ni ba.

Na yi imani ajali ba ya gaba, ba ya baya. Na kuma karanta littafin daga farko sau uku, na ga kumburin ya taɓa zuwa sau biyu ba tare da nama ba. Wani lokaci wannan yana kwantar mini da hankali, wani lokaci in ga ina neman mafita ne kawai. Ban san ko cokali bakwai na iya yin haka ba. Ban san ko da na faɗi gaskiya likita zai sauya magani ba. Dahuwar, har yau ban iya cewa na yi nadamarta ba. Amma ƙaryar tawa ce, ba wanda ya sa ni.

Ranar sadakar uku, Yaya ya ɗaga littafin a gaban 'yan'uwa ya ce, "Ku ga yadda ake riƙon amana. Ko rana ɗaya ba ta tsallake ba." Kowa ya sa mini albarka. Tun daga ranar abinci ba ya wuce mini.

Shi ya sa na rubuta wannan a inda dangi za su karanta. Yaya, littafin yana hannunka. Shafin ranar Lahadi, 9 ga wata, ba gaskiya ba ne, kuma amsar da na ba likita a gabanka ba gaskiya ba ce.

Ya Allah Ka jiƙan Gwaggo Tasalla. Ka yafe mata, Ka yalwata kabarinta, Ka ciyar da ita daga abincin Aljanna kamar yadda ta ciyar da bayinka ba ta tambayi sunansu ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Anti Mero da jikoki, da ƙaninta Baffa Almustapha na Dandume, da duk mutanen Dayi. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kai kuma Yaya, ta'aziyyarka ba zan yi ta a takarda ba. Ranar Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan shigo motar Funtua. Duk abin da za ka faɗa, gara in ji shi daga bakinka.

Sa'adiya Buba, Dayi