Abin da Sabi'u ya rubuta a gefen aikinsa

Kakar bana ta cika shekara shida da rasuwar ƙanena Sabi'u, Allah ya jiƙansa. Ni almajirin zaure ne, da ajami nake rubutu, wannan ma 'yarsa Rabi'atu ce ta juya mini shi zuwa boko. Sabi'u kuwa sana'arsa rubuta manhajar kwamfuta ce, har ya bar duniya ban gama gane ta ba.

Abin da na gane shi ne amfaninta. Manoman gyaɗa na yankinmu a Rogo suna da injin ɓara guda ɗaya da ke zagaya ƙauyuka, kowace kaka sai an yi rigima a kan wanda ya riga wani. Sabi'u ya yi musu shafi a intanet: mutum ya sa sunansa ta waya, ya ga ranar da injin zai zo masa. Rigimar ta mutu.

Yana da wata ɗabi'a da muke yi masa dariya a kanta. In ya gyara wani abu a shafin, ba ya yarda ya yi kyau sai ya hau babur ya je bayan ƙauyen Fulatan, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ya gwada da wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi. Na taɓa ce masa ya sa hotuna mana, shafin ya yi fari fat kamar allon da aka wanke.

"Yaya Malam," ya ce, "hoto nauyi ne da shi. Kafin ya buɗe a ƙauyen Beli, gyaɗar ta tsiro."

Yanzu an ce akwai na'urar da za ka faɗa wa buƙatarka ta rubuta maka manhaja kafin ka shanye kofin shayi. Nakan yi tunanin me zai ce. Ina jin zai yaba, don ba mai hassada ba ne, sannan ya tambaya ko ta taɓa zuwa Fulatan.

Ana gab da cirar gyaɗa bana sai shafin ya daina karɓar sunaye. Shugabannin manoma suka ce a watsar da shi a yi sabo. Ban hana ba, ba ni da hujja, amma zuciyata ta yi nauyi, domin shi ne kaɗai abin Sabi'u da ke motsi har yau. Rabi'atu, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makaranta a Karaye, ta roƙi a ba ta mako guda.

Rana ta uku ta zo zaurena bayan La'asar.

"Baffa, zo ka ga abin da Abba ya yi."

Ashe tsakanin layukan umarnin manhajar ya bar bayanai da Hausa, waɗanda kwamfuta ba ta karantawa, sai wanda ya zo gyara. Daidai yadda malamanmu ke rubutu a gefen littafi saboda mai zuwa a baya. Ta karanta mini ɗaya: "Kada a cire wannan layin. Shi ke riƙe sunan mutum a wayarsa in sabis ya ɗauke." Wani kuma: "Nan ne zai fara lalacewa in wayoyi sun canja. Mai gyara, yi haƙuri, fara daga nan."

Daga nan ɗin ta fara, washegari shafin ya tashi. Manoma suka fasa sabon.

Na sa ta karanta mini bayanan duka, ina kwafa da alƙalamina. Muryarsa ce sak, har da yawan ba da haƙurinsa. Da muka gama sai ta buɗe wurin da ta gyara, ta rubuta nata bayanin a ƙarƙashin nasa, ta tambaye ni ko ta sa sunanta.

Na ce ta sa, shi ma zai so a san wadda ta zo.

Allah ya haskaka kabarinka, Sabi'u.