Jirgin da Na Ɗinka wa Kakana

Kakana masunci ne tun kafin a haifi ubana, amma ni na tashi na iske shi ya juya wa tafkin Madarunfa baya. Juya baya na gaske nake nufi: tabarmarsa tana gindin itacen bedi a ƙofar gida, fuskarsa na kallon katanga, ruwa na can bayansa yana ƙyalli. Tun shekarar da jirginsa ya tsage, ƴaƴansa suka ce ya huta haka nan, ba za a yi wani ba, ya yi fushi ya daina zuwa. Abokansa sun yi biko har sun gaji.

Ni kuwa amaryarsa ce, irin wasan nan na kaka da jika. Kullum sai ya sake ni wai ban iya damun fura ba, in ya ga gyaɗa a hannuna ya maida ni. Ina sonsa ƙwarai, kuma yana ci mini rai in ga kakannin wasu suna dawowa daga ruwa da jiƙaƙƙen wando, nawa yana zaune yana korar ƙuda.

Wata rana na ce, "Tsoho, yaushe za ka kai ni tafki?"

"Ran da kis sai mini jirgi," in ji shi. "Amaryar kirki ita ka sai ma miji jirgi."

"Ka yi alkawali?"

"Na yi, gaban kowa."

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Ni ban ga abin dariya ba.

Kawuna yana tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Maraɗi da Katsina, shi ya ba ni kwalin sukari babba da ya rage a bayan mota. A lokacin kwali ba abin yarwa ba ne, sai da na yi kokawa da innata da ke son zuba kayan ɗinki a ciki. Na raba shi biyu, na ɓoye rabi. Na yanka gindi da gefuna da wuƙar yankan kuɓewa, na ɗinke su da allura da zare, na liƙe bakin ɗinkin da ƙaro. Na sa karan dawa a tsakiya wurin zama, na fere wani siriri ya zama abin tuƙi. Ya ɗan karkace gefe guda, amma ko makaho ya shafa ya san jirgi ne.

Sai dai ni jikar masunci ce, na san ƙa'ida. Tun ina goye nake jin ana cewa sabon jirgi ba ya ɗaukar kowa sai ya sha ruwa. Nutsar da shi ake yi a bakin tafki, a danne da duwatsu, itacen ya kumbura, kafofin su toshe. Don haka na cika kwatarniya, na nutsar da jirgina, na ɗora masa dutsen guga, na tafi aikena hankali kwance.

Da la'asar na dawo na tsamo abin da ya fi kama da ɗumamen tuwo. Zaren kaɗai ya rage da ransa. Na kwashe shi a faifai na kai gaban tsohon ina kuka, don na san shi ke nan, ba jirgi ba tafki.

Ya duba faifan, ya dube ni. "Mi ya same shi?"

"Na ba shi ruwa ya sha, kamar yadda kuke yi."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana tari yana buga cinya. Da ya lafa sai ya ce, "Ke ɗiyar ga, cikin gidan nan duk ke ɗai kir riƙe sana'a. Akwai sauran takardar?"

Na kawo rabin da na ɓoye. Hannayen nan da na saba gani a kwance kan gwiwa suka tashi aiki. Ya yanka, ya lanƙwasa hanci, yana yi yana zagin ɗinkina. Ya aike ni na sato man kaɗe a ɗakin inna, ya shafe jirgin ciki da baya har yana sheƙi.

Sannan ya ɗauki sandarsa. Na bi bayansa, muka nufi tafki.

A bakin tafki masu gyaran komar kamun kifi suka bar abin da suke yi. Wani tsoho ya ce, "Yau wa nike gani?" Kakana ya ce, "Amarya ta sai mini jirgi, gwaji na zo." Ya naɗe wando ya shiga har gwiwa, ya ajiye jirgin a hankali, ya tura da yatsa.

Ya tafi kuwa, yana rangaji, har cikin ganyen bado. Can ya fara nauyi, hancin ya sunkuya, ya nutse.

Na ce, "Tsoho, jirginka ya nutse."

Bai ko waiwayo ba. Yana tsaye cikin ruwa, ya kamfato da hannu biyu ya wanke fuska. Ya ce, "Bar shi shi sha. Sabo na."

Washegari da na kai masa fura, na iske ya juya tabarmarsa.