Hajiya Kulu da muciyar gidanmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shan koko aka bugo mini waya daga Kalgo, wai Hajiya Kulu nas ta rasu. Ban yarda ba. Mai kiran ya taɓa kashe mutum biyu da baki, kuma dukansu suna nan suna cin tuwo. Sai da ƙanenta ya kira yana kuka na ajiye kofin.

Ita ma da ba za ta yarda ba. Ban taɓa ganin mai zargi irinta ba. Ka ce mata ka sha magani, sai ta ce kawo kwalin ta gani.

Unguwa ɗaya muka zauna a Gwandu, ina koyarwa tana aikin asibiti. Zazzaɓin 'ya'yana duk a hannunta ya sauka.

Bara jikata Saratu, ba ta cika shekara bakwai ba, ƙirjinta ya fara tasowa. Gida ya rikice. Kakarta ta ce cin kajin gidan gona ne ya jawo. Uwarta ta ce bakin maƙwabciya ne. Ubanta Bello bai ce komai ba, amma ya hana ta makaranta, ya kuma daina gaisawa da mai shagon da take sayen alewa. Shirun nan nasa ya fi ba ni tsoro.

Tsofaffin gida suka yanke a ɗumama muciya a danne abin ya koma.

Na kira Hajiya. Ta sauka daga kabu-kabu, ta tarar da muciya a bakin murhu.

Ta ce, "Wagga ta tuwo ce ko ta ɗiya?"



Ta shiga ɗaki da yarinyar da uwarta, ta daɗe. Wane mai ake shafa mata? Wane magani ke gidan? Tana ciwon kai? Tsawonta ya ƙaru farat ɗaya? Da ta fito ta dubi Bello.

"Kai, na tambayi ɗiyarka a hankali, ba wanda ya taɓa ta. Jikinta ne ya yi sammako. Dalili sai likita, ba ni ba, balle ku. Ka tafi ka gaida mai shago."

Ita ta raka su Birnin Kebbi. Aka yi gwajin jini da hoton ƙashin hannu, aka ɗora yarinyar kan allurar da ke dakatar da abin har lokacinsa ya yi. Saratu ta koma makaranta. A gabana Hajiya ta riƙe haɓarta ta ce, "Ba ki yi laifin komai ba, kin ji?"

Makon jiya na je duba ta. Ta rame, amma bakin yana nan.

"Malam, allurar Saratu ta kusa. Na san gidanku, da abu ya lafa za su ce ta warke. Ban yarda da su ba. Kai ma ban gama yarda da kai ba."

Na yi dariya. To, shekaranjiya na ji ana ƙus-ƙus a tsakar gida, wai ai Saratu ta warke, me za a je yi asibiti. Ina shiga aka koma hirar farashin gero.

Bello, na san kana karanta abin da nake rubutawa. Ranar allura ni zan riƙo hannun Saratu, da sandata da komai. Wanda zai hana ya same ni a zaure.

Allah Ya jiƙan Hajiya Kulu, Ya yafe mata, Ya sa Aljanna ce makomarta. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata addu'a, ya haɗa da Saratu, don ban san yadda zan faɗa mata ba tukuna.