Mita ɗaya muka shirya, Sadisu ya ware tasa

Ni Nazifi, mai digirin kimiyyar kwamfuta, na rubuta wannan domin bayyana tozarcin da na sha jiya a Kiru.

Ina tsaye gaban ƙungiyar manoman albasa, ina nuna rediyon da muka gina cikin kwamfuta domin kama tashar hasashen damina. Na sauya mita a allo, amma lasifika ta ci gaba da zubo kiɗan biki. Dattawa suka yi dariya, suka fasa karɓar aikin, suka hau baburansu.

Yarjejeniyata da abokin aikina Sadisu bayyananniya ce: ɓangarena mai allo da nasa mai kama tasha, ma'ajiya guda ɗaya cikin kwamfutar, inda ake ajiye lambar mita, za su riƙa dubawa. Ashe ya kwafi tasa daban, sauyina bai isa gare shi ba.

Na ce, "Sadisu, wane dalili?"

Ya ce, "Injiniya, gudun kada ka taɓa ka ɓata mini."

A jami'a kwano ɗaya muke ci, amma ma'ajiya ɗaya ta gagare mu.

Sadisu, ina buƙatar amsarka a rubuce kafin Juma'a, a nan ƙasan wannan rubutu, jama'a su yi mana alƙalanci.